A Ba Mu Rumfa Ɗaya A Kasuwar Baje Koli, Yara Su Taɓa Kimiyya Da Hannunsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in miƙa kira ga masu shirya kasuwannin baje koli a ƙasar Hausa, manya da ƙanana. Ina nufin tun daga Kasuwar Baje Koli ta Duniya ta Kano wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA, ke shiryawa a titin Gidan Zoo, da ta Kaduna wadda takwararta KADCCIMA ke yi a hanyar Zariya, har zuwa ɗan bajekolin amfanin gona da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari kan yi bayan kaka. Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Rumfa ɗaya ce kyauta, da tebura da tabarmi, inda uba da uwa da 'ya'yansu za su zauna su yi gwajin kimiyya da hannunsu, a yi musu bayani da Hausa.

Ni tsohon malamin kimiyya ne, a ƙananan sakandaren karkara na ƙare aikina. Na san yaron da zai karanto maka ma'anar asid da Turanci tiryan-tiryan, bai tsallake harafi ba, amma in ka ajiye masa lemon tsami da toka ka ce ya nuna maka wanne ne, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne, ba kuma na malaminsa ba. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, inda yake kuma sau da yawa babu kayan aiki, ko kuwa aji ya cika maƙil har malami ba ya iya ratsawa tsakanin bencina. Sai kimiyya ta koma hadda. Yaro kuwa in ya haddace abin da bai taɓa gani ba, ranar da aka tashi daga jarrabawa ranar yake sauke shi.

Mu a Kano mun ga abin da gwaji da hannu yake haifarwa. A 1977 aka buɗe sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, aka zuba musu kayan aiki da malamai, kuma duk wanda ya shiga asibitocinmu da jami'o'inmu a yau zai tarar da likitoci da injiniyoyi da farfesoshin da suka fito daga can. Amma da jarrabawa ake shiga waɗannan makarantu, kuma yaro ya riga ya tasa kafin ya isa ƙofarsu. Ita sha'awar tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas take tsirowa, lokacin da yake damun kowa da "me ya sa?" A wannan lokaci yana gida, a hannun uwarsa da ubansa. In duk tambayar da ya yi aka ce masa ya cika surutu, zai daina yi. Shi ya sa nake cewa rumfar ta iyali ce, kuma kasuwa ce wurinta, domin a can ne ake samun iyaye da 'ya'ya wuri guda, hankalinsu kwance, sun fito kallo.

Ba da ka nake wannan magana ba, mun gwada. A kakar da ta wuce ƙungiyar ci gaban garinmu ta yi bajekolin amfanin gona a filin makarantar firamare, na roƙi shugabanni suka ba ni gefe guda kusa da masu sayar da iri. Na kira tsofaffin ɗalibaina biyu, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce yanzu, ɗayan mai gyaran wayar salula, sai wata Malama da muka yi koyarwa tare. Kayan aikin duk a kasuwar garin muka haɗa su: zoɓo, kanwa, lemon tsami, tsamiya, toka, kyandir, balan-balan, kwalabe, tukwanen ƙasa, yashi, 'ya'yan zogale da tsofaffin kwalaye. Abin da muka kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin buhun masara ba.

Teburin zoɓo ne ya fi tara mata. Mun jiƙa zoɓo mun tace, ba sukari, muka zuba a ƙananan kofuna masu nuna abin da ke ciki. Kowane yaro a ba shi kofi uku. Na farko ya matsa lemon tsami, sai ja ya ƙara haske. Na biyu ya bar shi yadda yake. Na uku ya ɗiga ruwan kanwa, nan take sai jan ya juye ya yi duhu, ya koma wani shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Sai mu ce to, mayar da shi ja. Yaro ya yi ta tunani, wani ya ƙara kanwa abin ya ƙara duhu, har dai wata yarinya ta ɗauki lemon ta matsa, jan ya dawo. Ihun da yaran nan suka yi sai da masu sayar da taki suka leƙo. Daga nan muka bar su da ruwan toka, da ruwan tsamiya, da ruwan sabulu, da nono, kowa ya faɗi abin da yake zato kafin ya ɗiga, sannan ya ga ko ya canka daidai. Dalilin kuwa shi ne akwai wani sinadari a zoɓo, antosayanin, wanda launinsa ke sauyawa gwargwadon abin da ya haɗu da shi. In mai tsami ne ya yi ja, in dangin kanwa da toka ne ya yi duhu. Aikin da takardar litmos ke yi ke nan a ɗakin gwaje-gwaje, ga shi a cikin abin da ake sayarwa a ƙulli a kowace kasuwa.

Wata dattijuwa da ta zo da jikokinta ta tsaya tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ai wannan mun daɗe da saninsa. In yakuwa ta cika tsami, kanwa muke jefa mata." Na ce, "Inna, abin da ake koya wa yaran nan a aji ke nan, ke kin riga su da shekaru. Ki faɗa musu me kuma kike sa wa kanwa." Ta shiga lissafi: wake don ya yi saurin nuna, kuɓewa da kuka don yauƙi, kunun kanwa na mai jego. Jikarta ta zuba mata ido kamar ba ta taɓa ganinta ba. Wannan kallon shi na fi so a ga an samu a kasuwanninmu. Yarinyar ta gane cewa abin da ke cikin littafi da abin da ke cikin tukunyar kakarta abu ɗaya ne, ita kuma kakar ta gane cewa makarantar bokon nan ba ta raina saninta ba. Gobe in yarinyar ta yi tambaya a gindin murhu, ba za a kore ta ba.

Da kanwar dai muka hura balan-balan. A daka ta ta yi gari, a ɗura a cikin balan-balan, a zuba ruwan lemon tsami a kwalba, a ɗaura balan-balan ɗin a bakin kwalbar, sannan yaro ya ɗaga shi garin ya zube ciki. Sai kumfa ta taso, balan-balan ya miƙe ba wanda ya sa masa baki. Iskar da ta fito ita ce kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke sa ƙullin fanke ya kumbura, ita ce ke tsirtuwa in an buɗe lemon kwalba. Kanwar da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga 'yar'uwar sodar da ake sa wa burodi ce.

A nan ne wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, wannan ba rufa-ido ba ne kuwa?" Tambaya ce mai kyau, kuma na san za a sake yin ta a duk inda aka kafa irin wannan rumfa. Na ce, "Baba, mai rufa-ido ba ya ba ka kayansa, ba ya kuma faɗa maka yadda ya yi. Ni ga kwalbar, ga kanwar, ga lemon, ka yi da hannunka, in ka koma gida ka sake yi ba na nan." Ya naɗe hannun riga ya yi, balan-balan ya tashi. Ya ce a ƙara masa wani zai kai wa iyali. Wannan shi ne sharaɗin da nake so masu shirya rumfar su riƙe da ƙarfi: duk gwajin da malami ne kaɗai zai yi jama'a na kallo, a bar shi a gida. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to amma a wannan fage gani ma bai isa ba, sai an taɓa.

Akwai gwajin da na fi ɗauka da muhimmanci, domin rai yake tsarewa. Kyandir uku ne a kan faranti, da kwalabe uku masu faɗin baki, ƙarama da matsakaiciya da babba. Malami ne ke kunna wutar, yaro ya kife kwalba a kan kyandir, sauran su yi ta ƙirge har wutar ta mutu. Ta ƙaramar kwalba ce ke fara mutuwa, ta babbar ta daɗe. Yara da kansu suke cewa ai iska ce ta ƙare. Sai mu ƙara musu cewa ba duk iskar wuta ke ci ba, wani kaso ne nata, oksijin, wanda yake kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kuma shi ne jikinmu ma yake buƙata. Daga nan ɗalibata ma'aikaciyar jinya take karɓar magana, ta juya wajen iyaye. Duk hunturu ana shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, da safe a ce an tarar da mutanen ɗaki ba rai. Haka janareta yake yi in an kunna shi a soro ko a lungun da ke kusa da tagar ɗakin kwana. An sha faɗar wannan a rediyo, na sani. Amma uban da ya ga ɗansa ya kife kwalba wuta ta mutu a gabansa, jin da zai yi wa maganar dabam ne. Na ga magidanta sun yi tsit, wani ya tambaya ko barin taga a buɗe ya isa, aka ce masa abin da ya fi shi ne a ɗumama ɗakin a fitar da kaskon kafin a kwanta, janareta kuma a waje, nesa da taga.

Mun kuma kafa tukunya cikin tukunya. Babba a waje, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yara su sa hannu a ciki, su sa a wata tukunyar da ba yashi, su kuma karanta ma'aunin zafi da kansu. Kafin nan mukan shafa musu ruwa a bayan hannu ɗaya mu ce su hura duka biyun, su faɗi wanne ya fi sanyi. Ruwa in zai bushe sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, dalilin gumi ke nan, dalilin sanyin ruwan randa ke nan. Wannan tukunya tana da tarihin da ya kamata kowane yaro a ƙasar nan ya sani. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka don manoman da ba su da lantarki, har kamfanin Rolex ya ba shi kyautarsa ta duniya a shekarar 2000. A gwajinsa, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Da na faɗi wannan, wani manomin tumatir ya tsuguna yana auna tazarar tukwanen da yatsa. Mun gaya masa gaskiya cewa a rani da hunturu take aiki sosai, in damina ta sauka iska ta jiƙe ƙarfinta yana raguwa.

Teburin ruwa kuwa, kwalba biyu ce ta ruwan kududdufi, jawur. A daka busassun 'ya'yan zogale, a zuba garin a ɗaya, a girgiza, a rubuta sunan yaro a jiki a ce ya je ya zaga kasuwa ya dawo bayan awa guda. In ya dawo sai ya tarar laka ta kwanta a ƙasa ruwa ya yi garau, ɗaya kwalbar tana nan yadda take. Aikin da alif ke yi ke nan. Amma ba ma barin kowa ya tafi sai mun nanata masa cewa ruwa ya yi fari ba ya nufin ya tsarkaka daga ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ko an sa maganin ruwa. Manya da ke wurin sun tuna kurkunu. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an samu sama da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Najeriya, ga shi a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Babu allura babu ƙwaya, babban makamin shi ne fahimtar cewa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu na cikin ruwan tafki ne ke ɗauke da tsutsar, da tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, da hana mai ciwon shiga tafki. Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter sun bi ƙauyuka a kan wannan. Iyaye mata ne suka riƙe matatar, su suka ci yaƙin.

Sauran ƙananan wasanni ba sai na tsawaita ba. Matsefin roba in an goga shi a gashi yana ɗaukar yagaggun takardu, yana kuma lanƙwasa siririn ruwan da ake tsiyayowa daga buta, kuma a hunturu ya fi yi saboda bushewar iska. Lantarkin da gogawa ke haifarwa ke nan, shi ne tartsatsin da yara ke gani a bargo cikin dare, shi ne walƙiya in ya girma. Mai gyaran waya ya jera lemon tsami huɗu, kowanne da ƙusa mai ruwan tutiya da guntun wayar tagulla, ya haɗa su suka kunna ɗan ƙaramin ƙwan fitila ja. Samari sun daɗe a wurinsa.

Abin da ban yi ba, nake kuma fata a yi a manyan kasuwanni, shi ne a gayyato masu sana'a su zauna kafaɗa da kafaɗa da malamai. Marinin Ƙofar Mata ya zo da ƙaramar tukunyar baba, yaro ya tsoma farin ƙyalle ya fito da shi kore-kore, ya ga yadda yake komawa shuɗi a hannunsa da iska ta buge shi, malami ya bayyana cewa oksijin ne ya yi wannan aiki. Maƙeri ya nuna abin da zugazugi ke yi wa wuta. Mai daddawa da mai nono su yi bayanin kwana nawa abu ke yi kafin ya yi, da abin da ke ɓata shi. Waɗannan mutane masana ne a fagensu, kuma yaron da ya ga an zaunar da ubansa maƙeri a kujerar mai koyarwa ba zai ji kunyar maƙera ba.

Malam Edita, bari in faɗi waɗanda suka fi cika rumfarmu, domin su ne dalilin wannan wasiƙa. Ba 'yan makaranta masu yunifom ba ne. 'Yan mata ne masu tallar gyaɗa da awara, da almajirai da robobinsu, da yaran da ke tura baro. Da fari daga nesa suke tsayawa, sun saba a kore su daga duk wurin da aka shimfiɗa tebur. Malama ce ta ce wa wata, "'Yata, ajiye farantin nan kusa da ni, ba mai taɓa miki, zo ki riƙe kofin nan." Wani almajiri da bai wuce shekara goma ba shi ya tambaye ni ko wutar za ta fi daɗewa in an ɗan ɗaga bakin kwalbar an sa tsinke a ƙarƙashi. Na ce gwada mu gani. Tambayar masanin kimiyya ke nan, sauya abu ɗaya ka ga me zai faru, kuma ba wanda ya koya masa. Ana yin gasar kimiyya tsakanin makarantu, ƙungiyoyin kimiyya na ɗalibai, wato JETS, suna ƙoƙari, ban raina ba. Amma gasa ta zaɓaɓɓu ce, yara biyu ko uku daga kowace makaranta, a zauren da iyaye ba sa shiga. Wannan yaro ba zai taɓa taka wannan zaure ba. Kasuwa kuwa tasa ce, kullum yana cikinta.

Don haka kada a sa kuɗin shiga rumfar, kada a nemi katin makaranta. A kuma tanadi tebur na mata wanda malamai mata ke tsaye a kai, domin akwai matan da ba za su kutsa cikin maza ba, kuma in uwa ba ta zo ba rabin aikin ya tafi. Bayani ya kasance da Hausa, a kasuwannin da ake da masu jin Fulatanci ko Kanuri ko wani harshe a samo mai yi musu da nasu. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yaran firamare da Yarabanci a Ile-Ife, har da lissafi da kimiyya, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. A rumfar kasuwa ma abin ya fi sauƙi, tunda ba jarrabawa za a rubuta ba, so ake kaka da jika su fahimta tare.

Na san za a ce wuta da sinadarai a cikin taron yara akwai haɗari. Gaskiya ne, shi ya sa sai da doka. Babban mutum ɗaya a kowane tebur, ba ya tashi. Ashana a aljihun malami take zama. Ba fetur, ba kananzir, ba ruwan batirin mota, ba fasa tsohon batir, ba haɗa ruwan bilicin da wani abu mai tsami domin yana fitar da iska mai guba. Ba a ɗanɗana komai ko da zoɓo ne, don kada yaro ya saba kai kayan gwaji baki. Bokitin ruwa da na yashi a gefe, a wanke hannu kafin a fita. Za a kuma ce wa zai biya. Filin dai masu kasuwa za su bayar. Masu tsayawa a tebur kuwa muna da su: ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, tana nan tun 1957 da rassa a jihohi, ga ɗaliban kwalejojin ilimi da ke neman inda za su gwada koyarwa, ga masu yi wa ƙasa hidima, ga mu 'yan fansho da ke zaune a ƙofar gida da sauran ƙarfinmu. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ke kafa manyan lasifika a kasuwar, in ɗayansu ya ɗauki nauyin kofuna da balan-balan da abincin rana na malamai, an gama.

Akwai kuma ranar da ya kamata mu shirya mata tun yanzu. Ranar 2 ga Agusta, 2027, za a yi husufin rana, cikakke a wasu sassan Masar da Makka da Jidda, mu kuma nan arewacin Najeriya da Nijar za mu ga wani yanki na rana ya rufe in hadari ya bari. Waɗanda suka ga na 29 ga Maris, 2006, wanda ya mai da hantsi dare a Gusau da Katsina, sun tuna yadda mutane suka yi ta kallon rana da baƙin tabarau, da tsohon fim ɗin hoton asibiti, da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, wasu a cikin kwanon ruwa. Duk waɗannan ba sa kare ido, kuma ƙunar da rana ke yi wa cikin ido ba a jin zafinta sai ta riga ta yi ɓarna. Hanya mai sauƙi da ba haɗari ita ce kwali. A huda shi da allura, mutum ya ba rana baya, hasken ya bi ta hudar ya sauka a farar takarda, sai ga hoton rana da gefen da aka cinye. Ko matsamin taliya mai huji-huji aka ɗaga, kowace huda za ta zana ɗan jinjirin wata a ƙasa. Masanin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan hoton da ke bi ta ƙaramar huda, har da siffar husufi. Babu saɓani tsakanin wannan da sallar husufi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A je masallaci, a kuma kare idon yara.

Kafin wannan rana akwai kasuwannin baje koli da za su ci a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. In an ba da rumfa a kowacce, duk yaron da ya ratsa zai iya fita da akwatin kwalinsa da ya huda da hannunsa, ya kai unguwarsu ya koya wa wasu. Ina roƙon shugabannin KACCIMA da KADCCIMA, da shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai masu faɗa a ji a bukukuwan garuruwansu, su sa wannan a cikin shirin kasuwa mai zuwa tun ana rabon rumfuna. Jerin kayan aiki da yadda ake kowane gwaji na rubuta su da Hausa, duk ƙungiyar da ke so ta nema ta ofishin wannan jarida, zan bayar a buga a raba kyauta, in kuma nan kusa ne ni da abokan aikina za mu zo mu tsaya a tebur.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
daga Jihar Kano.